An sace keke a saman mota: shin inshora za ta biya, kuma mene ne hukuncinta?

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Tun ranar 1 ga Fabrairu, 2025, 'yan sandan Nijeriya suka matsa wa masu abin hawa lamba a kan takardar inshora. Kafin nan, a farkon 2023, hukumar NAICOM mai kula da harkar ta ɗaga kuɗin daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida, babur kuma naira 3,000. A Dirin Daji ta ƙaramar hukumar Sakaba, masarautar Zuru, keke da babur su ne ƙafar manomi, kuma sau da yawa akan ɗaura su a saman motar haya idan tafiya ta yi nisa. To idan ɓarawo ya kwance kekenka a tasha ko a hanya, wa zai biya ka, tunda motar tana da inshora?

Da farko ka sani, ɗan'uwa, takardar da ake tambaya a shingen hanya ba ruwanta da sata. An yi ta ne domin wanda mota ta buge ko ta ɓata wa dukiya; a motar gida tana biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3. Ko motar kanta aka sace, wannan takarda ba ta biya. Cikakkiyar inshora ita ce ke biyan satar mota, amma galibi iyakarta motar da sassanta. Kayan da aka ɗora a kai suna da tasu yarjejeniyar daban.

Na biyu, hukuncin inshorar kasuwanci. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a Disambar 1985, ta yanke cewa haramun ce saboda garari mai yawa: kana biyan abin da ka sani domin abin da ba ka san zai zo ba, balle yawansa. Shaihu Mustafa Zarƙa ya halatta ta, amma mafi yawan malaman zamani suna kan hani. Wadda hukuma ta tilasta kuwa, ka biya, babu laifi a kanka, domin an tilasta ka ne. Sai dai uzurin tilas bai kai ga ƙarin inshorar da ka saya don raɗin kanka ba.

Na uku, direba. A mazhabar Malikiyya, wanda aka biya ya ɗauki kaya amintacce ne, ba ya ramuwa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Malamai sun keɓe kayan abinci da wani hukunci. Idan ya ɗaure keken da kyau, ya tsaya inda aka saba tsayawa, ko 'yan bindiga suka tare hanya suka ƙwace, babu komai a kansa, kada ka zalunce shi. Idan kuwa ya bar mota a inda kowa ya san ana sata, ya tafi harkarsa babu mai tsaro, to zai biya ƙimar keken yadda yake, ba kuɗin sabo ba. Kafin a tashi, ku yi magana ƙarara a gaban shaidu ko shugabannin tasha.

Na huɗu, mafita. Majalisar da ta hana waccan ita ce ta yarda da inshorar taimakekkeniya, wato takaful. Mahalarta suna zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar kyauta, a ɗauke wa wanda asara ta sama, kamfani ya karɓi ladan kulawa, rarar kuma ta zama ta mahalarta. Asalinsa yana cikin hadisin Bukhari da Muslim, inda Annabi (SAW) ya yabi Ash'ariyyawa saboda sukan tara abincinsu idan ya yi ƙaranci su raba daidai. An fara irin wannan kamfani a Sudan a 1979, NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma yanzu akwai irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful. Amma shi ma takaful ba ya biyan abin da ba a rubuta ba, don haka ka sa a karanta maka sharuɗɗan, ka tambayi batun keke da babur da bakinka. Inda kamfani bai iso ba, ƙungiyar 'yan acaba ko matan da ke adashi za su iya ware asusun gudummawa da sharuɗɗa a rubuce.

A ƙarshe, ka ji tsoron Allah wajen neman diyya. Kada ka ƙara wa keke kuɗi, kada ka ce a gida aka sace alhali a saman mota ne. Kuɗin asusun haƙƙin 'yan'uwanka ne, cin sa da ƙarya cin dukiyar mutane ne da ɓarna. Ka sa kwaɗo, ka adana rasit, ka rubuta lambar jikin keken, sannan ka dogara ga Allah. Idan asara ta zo duk da haka, ka yi istirja'i, ka roƙe Shi ya musanya maka da mafi alheri.

Allah ne Mafi sani.