Gyaran babur ya ɓaci, wa zai biya?

Daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Birnin Ƙonni, babu garejin da ba a taɓa ɗaga murya a kan wannan magana ba. Babur ya fara hayaƙi, makanike ya ce sai an canza fistan da ringi, an biya. Bayan kwana uku ya sake mutuwa a kan hanyar kasuwar ƙauye, da buhunan kaya a bayansa. Mai babur ya ce an cuce shi, makanike ya ce shi ya gama aikinsa. Kafin a ankara an kai ga zage-zage, wani lokaci har kwamisariya.

Ga ɗan kasuwa asarar ta wuce kuɗin gyara. Ranar kasuwa idan ta wuce sai wani mako. Matar da ta sayi babur da kuɗin adashe ta ba ɗan kabu-kabu, kowace ranar da ya kwana a gareji babu abin da zai shigo hannunta.

Mu a ganinmu, tambaya ɗaya ce ke raba yawancin wannan gardama: wa ya zaɓi kayan da aka sa, wa kuma ya ɗaura su? Kayan gyaran Kasea, Haojue da sauransu kashi-kashi ne, akwai mai ƙwari, akwai na jabu, kuma kwalinsu kusan iri ɗaya. Mafi yawa ta Najeriya suke shigo mana. Lokacin da aka rufe iyaka a 2019, da kuma bayan juyin mulkin 2023, kaya sun yi tsada, mutane da yawa suka saba da neman mai araha. Idan kai ka je kasuwa ka sayo mai arahar ka miƙa wa makanike, to lalacewarsa a wuyanka take. Idan shi ya karɓi kuɗin mai ƙwari ya sa na jabu, ko ya wanke tsohon ya mayar, wannan ha'inci ne, sai ya biya. Idan kuma kayan lafiya lau suke amma ya bar noti a sake, ko ya manta bai zuba baƙin mai ba har inji ya ƙone, ya sake aikin ba tare da kuɗin hannu ba, ya kuma ɗauki nauyin abin da ya ɓata. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun daɗe da bayyana cewa mai sana'a shi ke da lamunin kayan da aka bar masa ya yi aiki a kansu.

Amma hakki ba ya fitowa sai da shaida, kuma a nan ne masu babur suke kayar da kansu. Da zafin rai mutum zai tura babur wurin wani makanike, a kwance inji, a watsar da kayan. To me ya rage da za a nuna? Na farko zai ce na biyu ne ya ɓata, kuma ba mai iya ƙaryata shi. A fara mayar da babur inda aka gyara shi. Idan ya ƙi sauraro, a nemi babba cikin makanikan unguwa, a buɗe injin a gabansa da gaban su biyun. Tsohon makanike da ganin fistan ya san sabo ne ko wankakke.

Tun ranar gyara ma, Alhaji, Hajiya, a ce a ba ku tsofaffin kayan da aka cire, a ware kuɗin kaya daban da kuɗin hannu, a rubuta ko a bayan kwalin ne. Ku da ba ku ba da bashin kwano ɗaya na gero sai kun rubuta, me ya sa za ku miƙa jikka ashirin a baki kawai?

Idan sulhun ƴan sana'a bai yi ba, akwai mai unguwa. Dokar sarautar gargajiya ta 2015 ta ba sarakai ikon sasanta mutane, kuma su rubuta takardar ko an daidaita ko ba a daidaita ba. Da wannan takarda ake zuwa gaban alƙali. Kiran ɗan sanda ya tsorata makanike ba ya tayar da babur, sau da yawa ma kuɗin zirga-zirgar ya fi na fistan ɗin.

Makanikai su ma muna da magana da su. Mun san akwai mai zuba man kwalba da aka gauraya, ya ɗora buhu huɗu, ya yi wata biyu bai juye mai ba, sannan ya dawo yana kumfar baki. Wannan ba ya da gaskiya. Amma ku daina barin yaran da suka zo koyo jiya su kwance inji ku kuna shan shayi, kuma ku faɗa wa mai babur kwana nawa kuka lamunce wa aikinku kafin ya tafi.