Dukawan Sakkwato su kwaikwayi ɗinkin Birkin, su bar mata tambarinta

A watan Yulin 2025 aka yi gwanjon wata tsohuwar jakar fata a birnin Paris, aka saye ta a kan Yuro miliyan 8.6. Ita ce jakar farko da kamfanin Hermès na Faransa ya ɗinka wa 'yar fim Jane Birkin a shekarun 1980, kuma daga gare ta ne samfurin da ake kira Birkin ya samo suna. Sabuwar ma ba ta talaka ba ce, kuɗinta ya haura Dala 10,000. Shi ya sa kwaikwayonta ya cika duniya, har ya iso wayoyin matanmu. Yau mace a Boɗinga ko Shagari za ta iya nuna wa baduku hotonta ta ce a yi mata irinta sak, har da tambarin.

Ni ban ga laifin kwaikwayon ba. Kowane baduku da kwaikwayo ya fara, yana zaune gefen mahaifinsa yana kallon yadda ake riƙe basilla. Tambarin nan ne nake jayayya da shi.

Mu duba abin da ke hannunmu. Jar akuyar Sakkwato, wadda a Nijar ake kira jar akuyar Maraɗi, fatarta na cikin waɗanda aka fi daraja a duniya saboda laushi da ƙwari. Shekaru aru-aru ayarin raƙuma ke ɗaukar jemammiyar fatar ƙasar Hausa zuwa Arewacin Afirka, daga nan ta haye Turai, inda masu ɗaurin littattafai suka sa mata suna fatar Maroko. Akuya tamu, bagaruwa tamu, karan dafin da ya ba ta ja namu, suna kuma na wasu. Har gobe masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa a Kano suna tura fata Italiya da Sifaniya, a can ake mayar da ita jaka da takalmi, a can ribar take tsayawa. To idan baduku ya ɗauki wannan fata, ya ɓata kwanaki a kanta, sannan ya manna mata harafin wani kamfanin Faransa, shi da kansa ya maimaita abin da aka yi wa kakanninsa, kuma a wannan karon ba wanda ya tilasta masa.

Akwai kuma lissafin kasuwa. Jabun jaka na roba daga Sin sun cika shaguna, inji ke fitar da su dubbai. A ƙarshen 2024 an sayar da mai kama da Birkin a shafin Walmart na Amurka ƙasa da Dala 100. Mai aikin hannu ba zai taɓa doke inji a araha ba. Da zarar ya sa tambarin wani, ya jefa kayansa cikin layin jabu, inda mai saye ke tambayar farashi kawai. Mutanen Aba sun daɗe suna buga sunan Italiya a ƙasan takalminsu, kuma har yau suna fama da neman a yarda cewa aikin nasu ne.

Za a ce baduku cikinsa yake nema, abin da mai kuɗi ta ce shi zai yi. Gaskiya ne, ba a ce ya kori ciniki ba. Ya ɗinka mata fasalin da take so, ya buga nasa sunan da garinsa a ciki.

Abin da ya kamata a kwaso daga Hermès shi ne tsarin aiki. Mutum guda ke ɗinka jakar daga farko har ƙarshe, da allura biyu a zare ɗaya, ta yadda ko ɗinki ɗaya ya tsinke sauran ba za su warware ba. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mutanen da suka gaji yin gafaka da zabira da kayan doki. Inda ake barinmu a baya shi ne ƙarashen aiki, kuma gara a faɗa. Wasu jakunkunan namu warin jima ba ya barinsu. Wasu rinin na zuba a jikin tufafi da zarar an yi gumi. Bakin fata a bar shi ba gogewa, zif da ƙarfen maɓalli kuwa na arha ne masu tsatsa cikin damina ɗaya. Mace ba za ta riƙe jakar da za ta ɓata mata leshi zuwa biki ba, ko da kuwa ɗan garinsu ne ya yi ta.

Matsalar ma tun daga wuƙa take farawa. Duk Babbar Sallah ana asarar fatu masu yawa saboda fiɗar gaggawa da ke huda su, da kuma barinsu ba gishiri har su fara ruɓa. Ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari za su iya tara mahauta kafin layya a nuna musu fiɗa mai kyau, abin da ba ya cin wani kuɗi. Cibiyar binciken fata ta ƙasa, NILEST, tana Samaru a Zariya, kuma gyaran jima da rini aikinta ne. Gwamnatin Sakkwato ta tura matasan dukawa da majema can, ta taimaka musu su sayi zif da ƙarfe masu kyau a sari ɗaya, sannan ta kama musu rumfa a baje kolin fata na Legas da ake yi tun 2017, inda masu sayen ke tambayar sunan wanda ya yi jakar kafin su tambayi kuɗinta.