Ƙuri'armu Da Sinƙin Sabulu

'Yan'uwana mata, yau da ku nake, musamman na nan Fakku da kewaye. Ran nan a gidan suna na ji wata yayarmu tana cewa wai masu zanga-zangar gyaran zaɓe a Abuja zauna-gari-banza ne, ina ruwan biri da gada. Wallahi raina ya ɓaci, amma na kama bakina don girmanta. To, ga amsata.

Haba Yaya! Kin manta 2019? Zaɓen gwamnan Sakkwato bai kammala ba, aka sake kaɗa ƙuri'a a wasu rumfuna ran 23 ga Maris, har da na ƙaramar hukumarmu ta Kebbe. Aminu Waziri Tambuwal ya kada Ahmad Aliyu da ƙuri'a 342 kacal. Bikin 'yar mai hali ma yana tara mata kusan haka. Ashe ƙuri'ar ƙauye ke raba gardama. Amma wa ke gadinta bayan mun dangwala mun ruga gida ɗora tukunya? Takardar sakamako ta shiga mota da dare, mu muna barci.

Abin da ya fito da mutanen nan kan titi ke nan. Ran 22 ga Fabrairu 2022 ƙungiyoyi irin su Yiaga Africa suka fito a Abuja suna matsa wa Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar zaɓe. Bayan kwana uku ya sa. Dokar ta ba na'urar BVAS gindin zama, wadda ke duba yatsa ko fuska kafin a ba ki takardar ƙuri'a. Ban ce ta yi maganin komai ba. A 2023 sakamakon zaɓen shugaban ƙasa ya ƙi hawa intanet a kan lokaci, aka yi ta ƙorafi.

Mu matan Arewa sai a 1976 muka sami ikon zaɓe. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha duka da ɗauri a kan wannan, a zamaninta ma an kira ta marar kunya. Shi ne yau muke musanya wahalarta da sabulu da ɗan magi? Ni ma na taɓa karɓa, ba zan ɓoye muku ba. Sabulun ya ƙare a mako biyu, mai shi bai sake leƙo mu ba sai bayan shekara huɗu.

In Allah Ya kai mu zaɓe mai zuwa, na riga na gaya wa maigida: tuwon dare zai makara. Ba zan bar rumfa ba sai an ƙirga a gabana, an liƙa sakamako a bango.