Darmanawa: In dai za mu ci gaba da karo-karon taransfoma, to mu shiga da takarda

Duk unguwar da taransfoma ta taɓa ƙone mata a Kano ta san yadda abin yake tafiya. Kwana biyu a yi shiru ana jiran masu gyara. Rana ta uku a buɗe guruf a WhatsApp. Kafin mako ya zagayo an yanka wa kowane gida abin da zai bayar, mai shago nasa daban, mai injin markaɗe nasa daban. A tara, a gyara, yara su yi ihun "NEPA sun kawo", shi ke nan. Babu rasit, babu yarjejeniya, kuma ƙarshen wata bil ya zo cif kamar ba a kashe ko sisi ba.

Wannan kuɗi da muke tarawa fa jari ne, sai dai mu muke zuba shi kamar sadaka. Hukumar NERC, mai kula da harkar wutar lantarki a ƙasar nan, ta sha nanata cewa sayen taransfoma, turaku da wayoyi haƙƙin kamfanin rarraba wuta ne. In kuma al'umma ta ga ba za ta iya jira ba, ta zaɓi ta saya da kanta, to ƙa'ida ita ce a fara rubuta yarjejeniya da kamfanin kan yadda za a mayar mata da kuɗinta. Tambayi kanka, sau nawa aka yi hakan a layinku?

Ra'ayina shi ne matasan Darmanawa, da maƙwabtanmu na Gyadi-Gyadi, Unguwa Uku da Daurawa, mu daina tsayawa a kwamitin wucin gadi da ake kafawa ranar da wuta ta lalace. Mu kafa ƙungiyar gama kai ta masu amfani da wuta, mai rajista, mai asusun banki, wadda za ta zauna da KEDCO a matsayin abokiyar hulɗa. Kamfani yana iya share ƙorafin mutum ɗaya a Facebook. Amma gidaje ɗaruruwa masu shugabanci, masu lauya, masu kuɗi a asusu, dole a ba su kujera.

Kada wani ya ce mafarki ne. A Amurka, lokacin da kamfanoni suka ƙi kai wuta ƙauyuka saboda ba riba, gwamnati ta kafa hukumar kai wuta karkara a 1935, manoma suka haɗa ƙungiyoyin gama kai, suka ci bashi, suka ja waya da kansu. Har yau waɗannan ƙungiyoyi kusan 900 suna ba mutane sama da miliyan 40 wuta. In ka ce ai wannan Amurka ce, to ga Bangladesh. Tun 1977 ta ɗauki irin wannan tsari, kuma ƙungiyoyin da masu amfani da wuta ke zaɓar shugabanninsu su ne ke raba wuta a yawancin karkarar ƙasar.

A nan gida ma ƙofar a buɗe take. Tun da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a Nuwamban 2013, KEDCO mai kula da Kano, Katsina da Jigawa ya koma hannun 'yan kasuwa, gwamnati ta riƙe kashi 40 cikin 100. Ɗan kasuwa kuwa lissafi yake ji. A 2016 NERC ta fitar da ƙa'idar ƙananan tashoshin wuta na unguwa, ta sabunta ta a 2023. Ƙa'idar ta yarda a ƙulla yarjejeniya tsakanin ɓangare uku: kamfanin rarraba wuta mai turaku da wayoyi, kamfanin da zai kafa sola da batura, sai kuma al'ummar da za ta sha wutar. Ba sai mun je nesa neman misali ba. A Zawaciki, cikin ƙaramar hukumar Kumbotso, kamfanin Bagaja Renewables ya kafa tashar sola mai ƙarfin megawat 1 da haɗin gwiwar KEDCO. Da rana sola ta yi aiki, in wutar gwamnati ta samu a haɗa da ita. Abin da ya yiwu a Zawaciki, me zai hana a tattauna shi a Tarauni?

Kuma mu tuna abin da ya faru a Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wa Arewa wuta suka lalace, Kano ta yi fiye da mako guda cikin duhu. Wa ya fi jin jiki? Tela, mai walda, mai aski, mai sayar da ƙanƙara, mai cajin waya, matar da ke yin zoɓo da kunun aya a gida, ɗalibin da ke karatu ta intanet. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, janareta ya zama abin da ake kunnawa ana duba agogo. Unguwar da ke da tata tashar, ko ƙarama ce, ba ta tsayawa cak duk ranar da babban layi ya faɗi.

To amma kada mu yaudari kanmu, haɗin gwiwa yana da tsada. Wutar sola ta unguwa takan fi wutar da ake sayar wa 'yan Band C da D kuɗi. Kowa ya ga yadda aka yi kuka a Afrilun 2024 da aka ɗaga farashin Band A zuwa Naira 225 kan kowane yunit, bisa alƙawarin awa 20 a rana. Don haka kowa ya zauna ya yi lissafin abin da yake kashewa a wata, bil da fetur da gyaran janareta da cajin waya a shago, sannan ya kwatanta. In lissafin bai fita ba, kada a sa hannu.

Sai kuma namu halin. Ba za ka nemi kujera a teburin yarjejeniya ba alhali ka jona wayarka ta bayan mita. Yanzu muna ganin kamfani ake cuta, shi ya sa ake kawar da kai. Ranar da muka zama masu hannu a ciki, wanda ya saci wuta aljihun maƙwabcinsa ya taɓa. Wanda bai shirya faɗa wa abokinsa gaskiya kan wannan ba, bai shirya wa ƙungiya ba.

Akwai abubuwan da bai kamata a sassauta a kansu ba. Kowane gida da shago ya samu mita mai kati, a rabu da bil na kintace. A rubuta awa nawa za a ba da wuta a rana, da abin da kamfani zai biya in ya gaza. A rubuta wanda ya mallaki duk kayan da aka saya da kuɗin jama'a. A riƙa liƙa bayanin shiga da fitar kuɗi duk wata, a guruf da kuma ƙofar masallaci. 'Yan haya su samu ƙuri'a kamar masu gida, tunda su ma suna biya, mata masu sana'a a cikin gida su ma a ba su wakilci. Shugabanci ya zama na wa'adi, kuma kada a bari ɗan siyasa ya mayar da ƙungiyar wurin liƙa fosta. Taransfomar da aka kawo saboda zaɓe, ranar da ta ƙone ba za ka ga mai ita ba.

Matakin farko ba ya buƙatar ko kwabo. Matasa goma masu waya a hannu za su iya zagaya gidajen da ke kan taransfoma ɗaya, su ƙirga masu mita da marasa mita, su yi wata guda suna rubuta lokacin da aka kawo wuta da lokacin da aka ɗauke. Daga nan a kai wa mai unguwa da dattawa, a nemi lauya ɗan unguwa ya duba tsarin mulkin ƙungiya, a yi rajista a sashen ƙungiyoyin gama kai na jiha, sannan a rubuta wa KEDCO takardar neman zama. In an yi watsi da ita, akwai ofishin sauraron ƙorafi na NERC a Kano.

Datar da muke ƙonawa muna tsine wa masu wuta a sashen sharhi ta isa ta yi wannan ƙidayar. Wa zai fara a layinsu?