Sansanin hutun yaranmu, gidan Kaka



Makon jiya 'yar farina ta dawo daga gidan ƙanwata a Kano da magana ɗaya a bakinta: "Umma, ni ma a kai ni sansanin hutu." Ashe wani fim suka kalla mai suna Camp Rock, wanda tashar Disney Channel ta Amurka ta fitar a 2008. Don talabijin aka yi shi tun asali, domin iyali su zauna a falo su yi dariya tare. Da ta ishe ni, sai na ce ta nemo mana shi a waya mu gani.

Labarin wata yarinya ce, Mitchie, mai son zuwa sansanin koyon waƙa a lokacin dogon hutu, amma iyayenta ba su da ƙarfi. Sai mahaifiyarta ta karɓi aikin dafa wa sansanin abinci, aka yi musu ragi, ita kuma yarinyar tana taya ta aiki a kicin. Da ta shiga cikin 'ya'yan masu hali, kunya ta kama ta, ta ce ai uwarta shugabar wani gidan talabijin ce a ƙasar Sin. Ramin ƙarya ƙurarre ne, asiri ya tonu, ta sha kunya, daga baya ta gane darajar uwarta. Wannan ɓangaren ya burge ni, don na san yaran da in an tambaye su sana'ar uwarsu sai su yi shiru, alhali da kuɗin ƙosai ko ƙuli-ƙuli aka saya musu kayan makaranta.

Da muka gama na ce mata: ai kina da sansani, gidan Kakarki ne. Mu nan ƙasar Dambatta, Makoɗa, Kunchi da Bichi, da an ba da hutu a ƙarshen Yuli sai ka ga motoci suna sauke jikoki daga birni. Gero ya kai ƙugu, gyaɗa ta yi fure, ga ɗanyar masara, ga tatsuniya da dare. Yaro zai koyi riƙe fartanya da kiwon akuya, ya san danginsa. Babu sansanin da kuɗi za su saya da ya kai wannan.

Sai dai ido na ma'aikaciyar jinya ya ga wani abu a fim ɗin. Akwai tafki a sansanin, yaran suna shiga kwale-kwale, amma akwai manyan da aikinsu ke nan, kula da yara, har albashi ake ba su. Mu fa? Lokacin da jikoki suke isowa shi ne lokacin da kowa yake gona. Maza sun fita tun asuba, mata suna kai abinci, an bar Kaka da ciwon gwiwa da jikoki takwas. Wa yake ƙirga su da azahar?

Abu uku nake gani a wurin aiki duk shekara bayan hutun nan.

Na farko ruwa. Kududdufan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini sun cika, bakinsu santsi, tsakiyarsu ya fi tsayin babban mutum. Yaron ƙauye ya san inda ake tsayawa, ɗan birni bin yarima yake a sha kiɗa. Kuma yaron da yake nutsewa ba ya ihu yadda ake nunawa a fim, shiru yake tafiya cikin 'yan mintuna. Mutanen Bagwai ba su manta ranar 30 ga Nuwamba, 2021 ba, da kwale-kwale ya kife a madatsar Watari ɗauke da ɗaliban Islamiyya daga Badau za su Mauludi. Allah Ya jiƙansu. Duk wanda yake da dangi kusa da Watari ko madatsar Tomas, ya ja wa yaro kunne da babbar murya, a gaban Kaka.

Na biyu tsargiya. Ƙwayar cutar tana rayuwa a jikin ƙananan dodon koɗi na ruwa mai kwanciya, ta fito ta huda fatar mai wanka, ko bai sha ruwan ba. Jini a ƙarshen fitsari ba ya bayyana sai bayan wata biyu ko uku, lokacin an koma makaranta, an manta da ƙauye. An taɓa kawo mini yaro ɗan shekara goma sha biyu da ya ɓoye abin kusan shekara, don abokansa sun ce masa alamar zama namiji ce. Jikinsa ya ɗashe, karatu ya ja baya. Ba balaga ba ce, cuta ce, kuma in ta daɗe tana lalata mafitsara da ƙoda. Maganinta praziquantel, ana auna shi da nauyi ko tsayin yaro a asibiti. Ki tambayi ɗanki kai tsaye a watan Oktoba da Nuwamba, don shi ba zai fara faɗa ba.

Na uku zazzaɓin cizon sauro, wanda daga Agusta zuwa Oktoba yake cika mana gadaje. Ki sa gidan sauro a jakar yaro, kada ki ce ai akwai a can. In kina da ɗan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar, kin san maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana bayarwa wata-wata a damina. Ma'aikaci yake ba da na ranar farko, na rana ta biyu da ta uku a hannun mai kula da yaro yake. Ki haɗa shi da katinsa, ki nuna wa wadda za ta riƙe shi. In jiki ya yi zafi, a je a yi gwaji a ranar, kada a jira ranar kasuwa.

Na san abin da wata za ta ce: ta yaya zan kafa wa surukata doka? Ba sai kin kafa ba. Ni cewa na yi, "Inna, ga amanar jikokinki, amma kada a ɗora miki wahala, wa za mu sa ya riƙa bin su?" Ita da kanta ta zaɓi wata 'yar ƙanin mijina mai shekara goma sha bakwai. Na ɗinka mata atamfa, na bar mata lambata da katin waya. Ita ce mai kula da sansaninmu.

Jiya 'yar tawa ta kira, wai ta iya tatsar akuya, kuma Kaka ta fi mutanen fim ban dariya.

Ke naki sun tafi bana? A hannun wa kika bar su?