Ciwon Sukari: Gargaɗi Ga Mazauna Kurmi

Duk mutumin da ya baro Arewa ya zo Ikko ko Badun ko Anaca ko Fatakwal neman abin rufin asiri, babban jarinsa shi ne lafiyar jikinsa. Ran da ya kwanta ciwo, ran nan kuɗin cefane zai daina isa ga iyalin da ya bari a gida. Don haka ya zama wajibi wannan jarida ta ja hankalin jama'a a kan wata cuta mai shiga jiki ba sallama, wato ciwon sukari.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa masu wannan ciwo sun ƙaru daga miliyan 200 a shekarar 1990 zuwa miliyan 830 a 2022. Asalinsa kuwa shi ne, akwai wani sinadari da jiki ke yi mai suna insulin, wanda ke shigar da sukarin abinci daga jini zuwa tsoka domin ya zama ƙarfi. Idan ya yi ƙaranci, ko jiki ya daina jin aikinsa, sai sukari ya taru cikin jini, ya riƙa ɓata jijiyoyi sannu a hankali.

Gado yana da hannu a ciki, amma sauyin zama ya fi shafar mazauna Kurmi. Mutumin da ya tashi yana noma, yana tafiyar ƙasa, yana cin tuwon dawa da furar gero, yau ga shi ya wuni zaune a rumfar goro ko a teburin canji. Karin kumallonsa burodi ne da shayi mai sukari da madara, da rana lemon kwalba, da dare farar shinkafa. Ana nan sai teɓa ta fito, abokai kuma su ce alamar arziki ce.

Alamun cutar ba ɓoyayyu ba ne ga mai lura: yawan ƙishirwa, yawan fitsari musamman da dare, rama alhali ana cin abinci, kasala, gani dishi-dishi, gyambon da ya ƙi warkewa, da jin ƙafafu suna zafi ko sun yi dundurus. Amma da yawa sukan yi shekaru da ita ba su ji komai ba. Gwajin jini ne kaɗai ke tabbatarwa. Idan aka auna mutum da safe kafin ya karya, awon ya kai 126 ko ya wuce, aka kuma maimaita wata rana aka sami haka, to, ciwon ya tabbata.

A nan ne kuskuren da ya fi kowanne tsada yake faruwa. Da zarar jiki ya ƙi daɗi, sai mutum ya ce sammu ne ko shawara, ya hau mota ya nufi ƙauye, a yi ta jiƙe-jiƙe. Kafin a kai shi asibiti ido ya tafi, ko ƙoda ta lalace, ko ƙafa ta ruɓe har sai an yanke. Alhali kuwa tun 1921 aka gano insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada, akwai kuma ƙwayoyin sha, ga manyan asibitocin koyarwa a Idi-Araba da Badun kusa da unguwannin Hausawa.

Wanda aka tabbatar masa da ciwon kada ya yanke ƙauna. Ya riƙe maganinsa, kada ya daina don ya ji sauƙi. Ya rage zaƙi da yawan tuwo, ya ƙara wake da ganyaye irin su zogale da alayyahu, ya bar taba. Ya yi tafiyar ƙasa ta rabin sa'a, kwana biyar a mako. Ya duba ƙafafunsa kullum lokacin alwala, kada ya yi yawo ba takalmi. In ya ji makyarkyata da gumi da jiri bayan magani, sukarin ne ya faɗi, sai ya yi maza ya sha abu mai zaƙi. Kafin azumi kuma ya nemi shawarar likita.

Sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin kasuwanni, daga Agege zuwa Sabo, su ne jama'a ke saurare. Ya kamata su gayyato ma'aikatan lafiya su riƙa auna mutane a harabar masallatan Juma'a, ko da ranar 14 ga Nuwamba ce, wadda duniya ta keɓe domin wannan cuta. Gwamnati kuma, wadda ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, haƙƙi ne a kanta ta sauƙaƙa wa talaka farashin insulin da na gwaji. Duk magidancin da ya haura shekara 40 ya je a auna shi tun yana kan ƙafafunsa, domin rigakafi ya fi magani.