Tun A Gaɓa Ake Faɗin Kuɗin Fito

Ba banza ba Bahaushe ya kira harajin da ake biya a kan iyaka da sunan kuɗin fito. Asalin kalmar daga bakin kogi ta fito, inda mai jirgi ke ƙetarar da fatake da kayansu daga wannan gaɓa zuwa waccan. Kuma duk wanda ya taɓa shiga kwale-kwale ya san ƙa'idar sana'ar: tun ƙafarka tana kan tudu ake faɗa maka abin da za ka biya, in ka yarda ka shiga, in ba ka yarda ba ka ɗauki kayanka ka nemi wani mashigi. Mai jirgin da ya bari sai an kai tsakiyar ruwa sannan ya tsayar da filafili ya ce a zo a yi ciniki, wannan ya bar sana'ar fito ya shiga wata daban wadda kowa ya san sunanta.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne halin da ɗan ƙasa ke shiga idan ya sayo abin sufuri na hannu daga wata ƙasa, yana son ya shigo da shi Nijar bisa doka. Masuncin Gaya da ya sayo tsohon jirgin ruwa mai inji daga ƙetaren iyaka, da direban Dirku da ya sayo tsohon kamiyo a Sabha ko Gatrun ta ƙasar Libiya, nisan da ke tsakaninsu ya fi kilomita dubu, amma tambayarsu ɗaya ce: nawa zan biya, kuma wace takarda ce za ta sa a ƙyale ni? Zan tsaya a kan Dirku, domin a can ne nisa ya sa ciwon ya fi bayyana, ko da yake duk abin da zan faɗa a kan mota ya hau kan jirgi daidai wa daida.

Ga wanda bai san wurin ba, Dirku tana cikin Kawar, a gundumar Bilma ta jihar Agadas. Tsakaninta da birnin Agadas akwai wajen kilomita 650 na rairayin Tenere, babu kwalta, daga Agadas zuwa Yamai kuma akwai wasu 950. A nan mota ita ce jirgin fito. Ita ke kawo gero da shinkafa da magani, ita ke fitar da dabino da gishiri, ita ke ɗaukar mai naƙuda idan abu ya gagara. Lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana jiragen sama zirga-zirga da Libiya, daga 1992 zuwa 1999, hanyar ƙasa da ta bi ta Dirku da Segedin da Madama zuwa Tummo ta ƙara cika da manyan motocin Mercedes. Cikin wannan tsakani ne aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, duk abin da ake sayowa da kuɗin waje ya ninka, sabuwar mota ta fi ƙarfin ɗan kasuwa matsakaici balle ma'aikaci. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 sai ƙananan Toyota Hilux suka mamaye hanyar, samun zinariya a Jado a 2014 ya ƙara musu kasuwa. Ke nan abin hawa na hannu shi ne ƙashin bayan rayuwar Kawar, ba kayan ƙawa ba.

To, bari mu yi lissafi. Tun ranar 1 ga Janairu 2000 ƙasashen UEMOA suka ɗauki jadawalin fito na bai-ɗaya mai matakai huɗu: 0, 5, 10 da 20 cikin 100. A 2015 jadawalin CEDEAO ya ƙara mataki na biyar, wato 35. A kan kuɗin fito ana ɗora 1 cikin 100 na ƙididdiga, da ɗan abin da ake yanka wa ƙungiyoyin yanki, sannan harajin TVA na 19 cikin 100, wanda ake lissafawa a kan darajar kayan haɗe da fiton da aka riga aka ɗora. Mu ƙaddara abin da ka sayo ya faɗa matakin 20, an kuma yi masa daraja sefa miliyan ɗaya. Fito jika 200, ƙididdiga jika 10, TVA wajen jika 230. Idan ka haɗa da sauran ƙananan, ka tasam ma jika 450. Kada kuma wani ya ruɗe ka da zancen kasuwar bai-ɗaya ta Afirka da aka ƙaddamar a Yamai a watan Yuli na 2019. Sassaucinta na kayan da aka ƙera a Afirka ne. Motar da aka ƙera a Japan, ko injin jirgin da aka ƙera a can, ko ya shekara ashirin yana aiki a Libiya ko Nijeriya, asalinsa bai canza ba.

Wasu za su ce wannan kaso ya yi yawa. Mai yiwuwa ne, amma ni ba nan ƙorafina yake ba. Ƙasar da ba ta da teku, wadda kaso mai tsoka na kuɗin shigarta daga duwan yake fitowa, ba za ta yafe fito ba, kuma albashin malamin makaranta na Bilma daga wannan baitulmali yake. Kaso a rubuce yake, kowa na iya karantawa. Abin da ba a rubuce yake ba a gaban ɗan kasuwa shi ne adadin da za a ɗora kason a kansa. Kashi 45 na miliyan ɗaya daban, kashi 45 na miliyan uku daban, alhali mota ɗaya ce. Nan ne ake tsayar da jirgi a tsakiyar kogi.

A ƙa'idar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda Nijar ta shiga a 1996, darajar kaya a duwan ita ce kuɗin da mai saye ya biya da gaske. Wannan ya yi daidai ga sabon kaya mai takardar kamfani. Amma tsohon kamiyon da aka yi cinikinsa a bakin gareji, aka tafa hannu, aka rubuta ƴar takarda da Larabci, wa zai gaskata adadin da ke cikinta? Ma'aikacin duwan yana da hujjar yin shakka, domin mu ma ƴan kasuwa, mu faɗi gaskiya, ba mu cika rubuta kuɗin da muka biya ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Don haka ne a ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka aka saba komawa ga Argus, wata mujallar Faransa mai jera farashin motocin hannu. Sai dai Argus kasuwar Faransa take aunawa. Ba ta san motar da ta shekara talatin tana haƙar yashi ba, ba ta san kwale-kwalen katako ba. Idan takardar mai saye ba abin yarda ba ce, littafin Turai kuma bai san kayan ba, saura me? Saura idon ma'aikaci da bakin mai kaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Bayan daraja sai takardu. Ana son takardar saye, da takardar mallaka ta ƙasar da abin ya fito, da shaidar cewa an fitar da shi bisa izini. Ana son taransite, wato dillalin da duwan ta amince da shi, ya shigar da bayani. Idan an biya an karɓi shaidar biya, sai binciken lafiyar mota, da inshora, da kartigiris, da lambar Nijar, waɗanda aikin wasu ma'aikatu ne masu ofisoshi a manyan garuruwa. Kowace takarda tana da dalilinta, ban ce a soke ko ɗaya ba. Amma a duba: tun 2014 Libiya ta rabu tsakanin hukumomi masu jayayya da juna, to hatimin wa za a kawo? Kuma mutumin Dirku da aka ce ya koma ya cike takarda guda, an ce masa ne ya ƙetare Tenere sau biyu, ya sayi mai, ya bar iyalinsa, ya kwana gidan mutane yana jiran sa hannu. Wannan ma haraji ne, sai dai ba ya shiga aljihun gwamnati.

Sakamakon haka ba ɓoyayye ba ne. Mutumin da bai san abin da zai biya ba, bai kuma san ranar da zai gama ba, sai ya zaɓi zama babu takarda. Motarsa ta yi ta yawo da lambar waje ko babu lamba, yana sayen hanya kaɗan-kaɗan a kowane shinge. A cikin shekara ya biya abin da ya fi fiton, amma ba shi da rasidi ko ɗaya, baitulmali bai ga tamma ba. Ba zai iya jinginar da motar ya karɓi bashi ba, in ta yi haɗari babu inshora, in ya rasu magada su gaji rigima. Mutanen Kawar sun kuma ga yadda dukiya ke salwanta dare ɗaya: dokar 2015-36 ta hana safarar baƙin haure, wadda aka tsananta aiki da ita daga 2016, ta sa an kama motoci masu yawa an jibge a Agadas, kafin a soke ta a watan Nuwamba na 2023. Dalilin wancan kamu daban ne, amma darasin ɗaya ne: ranar da hukuma ta juyo, wanda ba shi da takarda ba shi da bakin magana.

Na san abin da ƴan'uwanmu ma'aikata za su ce, kuma maganarsu abin saurare ce. Za su ce a wannan hanya ana shigo da motocin sata, kuma irin motar da ɗan kasuwa ke so ita ce ƴan bindiga ke so. Gaskiya ne. Amma wahalar da takarda ba ta hana ɓarawo, domin shi dama ba ya zuwa biro. Mai gaskiya kaɗai take kora. Motar da aka rubuta lambar jikinta, aka duba ta a kundin motocin sata na Interpol, aka san mai ita, ta fi zama alheri ga tsaro bisa wadda ke yawo ba a san ta ba. Za su kuma ce kada ƙasarmu ta zama jujin tsofaffin ƙarafa. Wannan ma gaskiya ne: rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna ƙananan motocin hannu miliyan 14 aka fitar daga Turai da Amurka da Japan tsakanin 2015 da 2018, kashi 40 cikin 100 kuma Afirka suka nufo. To, a sa iyakar shekaru, a bayyana ta a fili, a yi aiki da ita a kan kowa. Sharaɗi mai tsauri wanda aka sani ya fi sassaucin da ake saye.

Saboda haka ga abin da nake roƙon hukumomi. Na farko, a fitar da jadawalin daraja na motoci da jiragen ruwa da injunansu na hannu, bisa iri da shekaru, a sabunta shi kowace shekara tare da wakilan ƴan kasuwa da masu sufuri, a manna shi a ƙofar kowane biro, a karanta shi a rediyo da Hausa da Kanuri da Tubanci da Tamashek, har mutum ya iya lissafin fitonsa tun yana Sabha kafin ya biya kuɗin mota. Na biyu, a riƙa tura tawagar haɗin gwiwa ta duwan da ma'aikatar sufuri zuwa Dirku a kan lokaci sananne, ta yadda mutum zai shiga da mota ya fita da lamba. Na uku, biya ɗaya, rasidi ɗaya, wanda kowane shinge zai girmama daga Madama har Gaya. Na huɗu, a ba da wa'adi na wasu watanni ga masu motocin da ke nan babu takarda, su zo su daidaita ba tare da tara ba, muddin bincike ya nuna ba na sata ba ne. Na biyar, a kula da ma'aikacin da aka tura Kawar, a biya shi haƙƙinsa a kan kari, a sauya shi idan wa'adinsa ya cika, don wanda aka manta da shi a hamada bai kamata a yi mamaki ba in ya nemi abincinsa a hanya.

Mu ma ƴan kasuwa da namu nauyin. In an kafa jadawali na gaskiya, to mu daina takardar saye biyu, ɗaya ta aljihu ɗaya ta biro, mu kuma daina karɓar rangwamen da babu rasidi.

Tun daga Taron Ƙasa na 1991 ake gaya wa talaka cewa shi da hukuma doka ɗaya ke bisa kansu. Mutumin Dirku ba zai auna wannan magana da jawabin Yamai ba, zai auna ta ranar da ya tsaya gaban teburin duwan da makullin motarsa a hannu. Ba ya neman a ƙetarar da shi kyauta. A faɗa masa kuɗin fito tun yana gaɓa, a ba shi shaidar ya biya. Allah ya ba shugabanni ikon gyarawa, mu kuma ya ba mu ikon faɗin gaskiya, amin.